Amsa: Na sa ellipsis amma ɗigo ukun ya ƙi fitowa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka sa text-overflow: ellipsis, wato umarnin CSS (harshen tsara kamannin shafin intanet) mai datse dogon rubutu ya sa ɗigo uku a ƙarshe, a kan sunayen kaya a shafin shagonku na Sabon Gari, amma a waya rubutun na tsallake katin, wato akwatin da ke nuna kowane kaya, ɗigo ukun kuma shiru.

Wannan layin shi kaɗai ba ya komai. Sai ka haɗa masa overflow: hidden da white-space: nowrap, akwatin kuma ya kasance yana da iyakar faɗi. In katin na cikin flex ne, wato tsarin CSS na jera akwatuna, to nan gizo ke saƙar: ɗan flex, wato kowane akwati da ke cikin jerin, ba ya yarda ya matse ƙasa da abin da ke cikinsa sai ka ba shi min-width: 0. Wannan ɗin ya taɓa cinye mini wuni guda cur a Samaru, ga rashin wuta, ga batiri na kuka. In layi biyu kake so, -webkit-line-clamp: 2 ne, tare da display: -webkit-box da -webkit-box-orient: vertical. Kada sunan webkit, injin burauzar Safari, ya tsorata ka, burauzar Firefox ma ta karɓe shi tun 2019.

Amma tsaya tukuna, ba kowane rubutu ake yankewa ba. Na taɓa yi wa wata Islamiyya a Tudun Wada shafin sakamako, na datse sunaye don teburin ya yi kyau. Sai ga yara huɗu a aji ɗaya duk sun koma "Muhammad Abdul…". Malamin ya kira ni yana tambaya wane ne wane, ni kaina na rasa amsa. Tun ranar, suna da farashi da lambar waya ba na taɓa su, ina barin su su sauko layi na biyu. Kalma mai tsawo marar tazara, irin adireshin imel, overflow-wrap: anywhere ke karya ta.

Sai abin da ya fi shafar mu masu rubuta Hausa. In ka ce a PHP, harshen da ke haɗa shafi a kan sabar, za ka yanke da substr, bayit yake ƙirgawa, wato ma'aunin ajiyar kwamfuta, ba harafi ba. Ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta; in wuƙar ta faɗa tsakiyarsu sai ka ga baƙar alamar tambaya a ƙarshen kalma. Yi amfani da mb_substr mai ƙirga haruffa, ko ka bar wa CSS aikin, don shi ɓoyewa kawai yake yi, rubutun na nan cikakke.

Turo hoton code ɗin katin in duba, ina zargin flex ɗin nan ne.