Wace mace ce ta fara lashe wasan takobi a Olamfik?

'Yar'uwa, kin tambaya ko Ibtihaj Muhammad ce, saboda 'yarki na son koyon wasan. Ba ita ba ce. Ellen Osiier 'yar Danmak ce ta ci zinare a Paris a 1924, shekarar da aka fara barin mata su shiga wasan takobi a Olamfik, kuma babu wadda ta doke ta. Ita Ibtihaj tagulla ta samu tare da tawagar Amurka a Rio a 2016, amma ita ce Ba'amurkiya ta farko da ta yi Olamfik da hijabi.

Batun yarinya kuwa, kada ta gwada da sanda a gida, ido ba wasa ba. A nemi ƙwararren koci mai hular kariya da rigar wasan.