Filin Tambaya da Amsa: Lissafin gidan haya a waya da kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da gidajen haya uku na mahaifinmu a unguwar Yelwa, Garwa, ɗaki 22 ne gaba ɗaya. Wasu suna biya hannu da hannu, wasu ta Orange Money ko MTN MoMo, kuma duk ƙarshen wata sai an yi gardama kan wanda ya biya da kuɗin wuta. Wace manhaja za ta raba mu da wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaki 22 bai kai a sayi manhaja mai tsada ba. Yawancin manhajojin kula da gidaje an gina su ne kan bankuna da dokokin Faransa ko Amurka, ba su san kuɗin waya na Kamaru ba. Excel ko Google Sheets sun ishe ka, muddin ka tsara su daidai, don a tsarin ne mutane ke kuskure.

Ka fara ba kowane ɗaki lamba tasa, kamar A1, A2, B1, ka rubuta ta da fenti a ƙofa. Lissafi ya bi ɗaki, kada ya bi sunan mutum, domin ɗan haya yana tashi, kuma sau da yawa da wayar ƙanensa ko ta mai shagon tura kuɗi zai aiko, sunan da ya fito a saƙo ba nasa ba ne.

Shafin biya shi ne zuciyar aikin. Kowane kuɗi da ya shigo layinsa daban: ranar biya, lambar ɗaki, watan da aka biya wa, adadin, hanyar biya, sai lambar shaida da ke cikin saƙon kamfanin waya. Wannan lambar kada ka taɓa tsallake ta. Ka sa COUNTIF, wato umarnin ƙirga na Excel, ta ƙirga ta, a Excel na Faransanci sunanta NB.SI, duk inda lambar ta fito sau biyu ka san an nuna maka saƙo ɗaya a wata biyu. Hoton saƙo da aka turo ta WhatsApp kuwa ba shaida ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Sai kuɗin ya bayyana a asusun wayarka za ka rubuta. Wanda ya kawo rabi, ka zuba shi a bashi mafi tsufa tukuna. Kuma ku yanke tun farko wa zai ɗauki kuɗin cirewa, ganin cewa tun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan turawa da cirewa, ban da ladan kamfanin.

Kuɗin ajiya da ɗan haya ya bayar ranar shiga ka ware masa shafi. Amana ce, in ka haɗa ta da haya za ka ga riba wadda babu ita.

Batun wuta: ka sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita, ka karanta su duka rana ɗaya da babbar. Misali takarda ta zo da jaka 24, wato faran dubu 24, babbar mita ta ci kilowat 300, kowane kilowat ya kama faran 80. In ƙananan mitoci sun tara 270, sauran 30 na fitilar tsakar gida ne da famfo, a raba wa ɗakuna daidai. Kada ka kafe farashi ɗaya a manhajar, saboda kuɗin kilowat yana hawa mataki-mataki gwargwadon yawan abin da babbar mita ta ci, musamman a zafin Maris da Afrilu da fanka ba ta hutawa.

Tambaya: Ni ina Marwa, ɗakuna shida gare ni. In komai yana waya, sai na sake yin takardar yarjejeniya? Daga wata mai karatu a Domayo.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Hayar gidan zama a Kamaru tana ƙarƙashin dokar ƙasa, hayar shago kuma dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suke bi, ce ke kula da ita. Ki yi yarjejeniya a rubuce da sa hannun ku biyu, a yi mata rajista a ofishin haraji. Ranar shiga ki ɗauki hoton bango, ƙofa da lambar mita, ki ajiye tare da hoton takardar a babban fayil mai lambar ɗakin. Wanda ya biya hannu da hannu ki ba shi rasit mai lamba, kwafi ya zauna wurinki, ki shigar da lambar rasit ɗin a gurbin lambar shaida.