Lambobin zinare nawa Najeriya ta ci a gasar Olamfik?

Tambaya: Malam, mun yi gardama a majalisarmu a Zariya, wasu sun ce lambar zinare biyu Najeriya take da ita a Olamfik, wasu sun ce uku. Wane ne ke da gaskiya?

Amsa: Masu cewa uku su ne ke da gaskiya, amma masu cewa biyu ba su da laifi, domin biyu kaɗai aka gani ana rataya wa 'yan Najeriya a filin wasa, ta ukun kuwa a ofis aka yanke hukuncinta bayan shekara 12.

Najeriya ta fara zuwa Olamfik a Helsinki a 1952, tun kafin samun 'yanci, kuma sai a Tokyo a 1964 Nojim Maiyegun ya samo mata lambarta ta farko, ta tagulla, a dambe. Daga nan aka ci gaba da tsintar azurfa da tagulla a dambe da gudu, har aka kai Atlanta a 1996, inda zinare biyu suka zo kwana biyu a jere. Ranar 2 ga Agusta Chioma Ajunwa, jami'ar 'yan sanda, ta yi dogon tsalle na mita 7.12 tun a yunƙurinta na farko, sauran 'yan wasa suka yi ta gwadawa ba wadda ta kamo ta, ciki har da Jackie Joyner-Kersee ta Amurka. Washegari 'yan ƙwallo suka doke Ajantina da ci 3 da 2, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suka zura ƙwallayen. A ganina dai wasan da ya fi tsayawa a rai shi ne na kusa da na ƙarshe, lokacin da Brazil take gaba da ci 3 da 1, mutane da dama sun riga sun kashe talabijin sun kwanta, Victor Ikpeba ya rage ɗaya, Nwankwo Kanu ya farke daf da tashi, sannan ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci, a zamanin da dokar ta ce wanda ya fara ci ya gama wasa. Tijjani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna, suna cikin wannan tawaga.

Ta ukun ita ce tushen gardamarku. A Sydney a 2000, a gudun miƙa sanda inda mutum huɗu kowa ke yin mita 400, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu bayan Amurka, aka ba su azurfa. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari, Kwamitin Olamfik na Duniya ya ƙwace lambarsu, amma bai mayar da ita ga Najeriya ba sai a Yulin 2012. Abin tausayi, Sunday Bada ya rasu a Disambar 2011, bai ji wannan labari ba.

Tun daga nan ba a sake ganin zinare ba. An dawo hannu rabbana daga Landan a 2012 da Paris a 2024, tagulla ɗaya ta ƙwallon ƙafa aka samu a Rio a 2016, sai azurfar Blessing Oborududu a kokawa da tagullar Ese Brume a dogon tsalle a gasar Tokyo 2020, wanda ya kai jimillar lambobin ƙasar 27.

Wannan lissafi duka na Olamfik ne kawai. Idan wani a majalisarku ya kawo lambobin gasar naƙasassu ta Paralamfik, ku gaya masa wannan kundi ne daban, kuma can Najeriya ta fi taka rawa nesa ba kusa ba, domin a Rio kaɗai zinare takwas ta kwaso, akasari a ɗaga ƙarfe.