Likita Ya Amsa: Shin hanji zai iya ɗaukar aikin timus?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Tahoua. An yi wa ɗiyata aikin zuciya tana da wata biyar, kuma a takardar sallama an rubuta cewa an cire wani abu mai suna timus domin a kai ga zuciyar. Ɗan yayana da ke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya ce kada in damu, wai hanji ma yana ƙera irin ƙwayoyin garkuwar da timus ke ƙerawa. Shin haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Maganar ɗanka tana da tushe, amma ya ba hanji girman da ya fi nasa.

Timus wata 'yar tsoka ce mai laushi da ke kwance bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya, shi ya sa mai fiɗa yakan ɗauke ta idan ta tare masa hanya a ƙirjin jariri. Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda harafin sunansu ma daga timus aka ɗauko shi, asalinsu daga ɓargo suke, sai su tafi timus su koyi bambance abin da yake na jiki da abin da yake baƙo. Horon yana da tsanani, domin fiye da kashi 90 cikin 100 nasu a can suke mutuwa. Wani mai bincike, Jacques Miller, shi ne ya nuna muhimmancin wannan gaɓa a 1961, lokacin da ya cire ta daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe.

Zancen hanji kuwa ya taso ne daga wani irin ɓera da ake haifa ba gashi kuma ba timus. Da aka duba fatar cikin hanjinsa, sai aka tarar da ƙwayoyin T a maƙale tsakanin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanjin, akasarinsu irin da ake kira gama-delta. A 1996 masu bincike a Japan suka bayyana wasu ƙananan tarin ƙwayoyi a gindin ramukan bangon hanjin ɓera, aka ɗauka cewa nan ce makarantar da ke yaye su. Sai dai a 2004 wasu masu binciken, Gérard Eberl da Dan Littman, suka bi sawun ƙwayoyin da wata alama ta gado, suka nuna cewa ƙwayoyin T irin alfa-beta, wato ɗaya babban nau'in ban da gama-delta, da ke hanjin lafiyayyen ɓera ta timus suka biyo. Abin da ya fi ƙarfi a yau shi ne, hanyar da ba ta bi ta timus ba tana nan, amma siririya ce, kuma ta fi buɗewa idan timus ba ta nan. A jikin mutum ma muna da shaida mai ɗaci: jaririn da aka haifa babu timus ko kaɗan, kamar a nau'i mafi tsanani na ciwon DiGeorge, hanjinsa lafiya lau yake, amma bai isa ya cece shi daga cututtuka ba.

Inda hanji ya yi fice shi ne ƙarasa tarbiyya. Ƙwayar da ta baro timus takan isa kaluluwar da ke kewaye da hanji, a can a nuna mata ɓurɓushin abinci da na ƙwayoyin cuta, ta koyi wanda za ta yaƙa da wanda za ta ƙyale. Wani sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A shi ne yake sa mata alamar komawa hanji ta zauna. Wannan ya sa nake jin zafi idan na ga uwa ta ɓoye ɗanta ranar da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara bitamin A a baki. Tamowa kuma, wadda muka sani sarai a ƙasar nan, tana sa timus ta ƙanƙance ta kuma sirantar da bangon hanji a lokaci guda.

Game da ɗiyarka, halinta ya bambanta da na wanda aka haifa ba timus. Ta yi watanni a ciki da wata biyar a duniya timus tana yi mata aiki, ƙwayoyin da aka yaye suna iya hayayyafa da kansu, kuma sau da yawa wani guntu yakan saura bayan fiɗa. Irin waɗannan yara sukan kasance da ƙarancin sababbin ƙwayoyin T, amma yawancinsu suna tashi ba tare da cututtuka masu tsanani ba. Ka tabbata ta cika rigakafinta bisa shawarar likitanta, a ci gaba da ba ta nono har shekara biyu, a haɗa mata da ƙwai, hanta, zogale da mangwaro idan lokacinsa ya zo. Idan ka ga zawo da ya ƙi tsayawa, ko farin ƙurji a baki da ke dawowa, ko ciwon huhu a kai a kai, ka ɗauki takardar sallamar nan ka kai wa likitan yara, ka nuna masa layin da ya ambaci timus, ka roƙi a ƙirga mata fararen ƙwayoyin jini.