Ga ƙanena mai shirin karatun tokar kwal

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce an ba ka gurbin digiri na biyu a kan auna turjiyar tokar kwal ga lantarki, amma kana tsoron kada ka gama a ce zamanin kwal ya wuce. Ni dai ina ganin ka karɓa.

Tsoron naka yana da tushe. Birtaniya ta rufe tashar wutar lantarkinta ta ƙarshe mai amfani da kwal a 2024, Jamus kuma ta sa wa kanta wa'adin 2038. To amma Indiya da Sin da Afirka ta Kudu suna nan suna ƙona shi, kuma kwal ɗin Indiya toka ce da shi jingim.

Ga inda aikinka yake. Matatar hayaƙi ta lantarki, wadda Frederick Cottrell ya ƙera a 1907, tana ɗora wa ƙurar caji ne, faranti ya janyo ta, sannan a bubbuga farantin ta zube. Idan turjiyar tokar ta yi ƙasa sosai, cajin ya zurare nan take, ƙurar ta sake bin hayaƙi. Idan kuma ta haura wajen om-santimita biliyan 100 (ma'aunin turjiyar ke nan), sai cajin ya taru a jikin tokar har ta riƙa tartsatsi, matatar ta kasa aiki. Wannan awon ne ke nuna wa injiniya girman farantan da zai sa, kuskure a nan kuwa asara ce ta maƙudan kuɗi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, lambar da za ka samu a ɗakin gwaji ba lallai ta zo ɗaya da ta cikin bututun hayaƙi ba. Turjiyar tana kai ƙololuwa ne wajen digiri 150 zuwa 200 na Salshiyos. Danshi yana rage ta, sodiyom ma haka. Iskar farar wuta da ke cikin hayaƙi tana rage ta ƙwarai, ga ta da wuyar kwaikwayo a ɗakin gwaji. Shi ya sa kwal mai ƙarancin farar wuta, duk da tsabtarsa, ya fi wahalar da matata.

Kafin ka amsa musu, tambayi malamin ko suna bin ƙa'idar IEEE 548 ta auna turjiyar toka a ɗakin gwaji, kuma ko za a kai ka tasha ka yi awo da hannunka. In akwai wannan, masana'antun siminti da na ƙarfe ma za su buƙace ka, don su ma suna amfani da irin wannan matata.