Zanen Baƙi da Fari a Kan Takarda: In Saya ko In Haƙura?

Tambaya: Na je baje kolin wani mai zane wanda ba ya zana mutum ko dabba, layuka ne kawai da dabbaren baƙar tawada a kan farar takarda. Ɗaya ya kwanta mini a rai, amma maigidana ya ce kuɗin ya yi yawa ga abin da ko launi babu. Mece ce shawara?

Amsa: 'Yar'uwa, rashin launi ba naƙasu ba ne. A irin wannan aiki ne ake ganin hannun mai zane tsirara, inda ya danna, inda ya sassauta, inda tawada ta ƙare masa a tsakiyar layi. Franz Kline na Amurka, wanda ya rasu a 1962, da baƙi da fari ya yi suna, kuma a shafukan littafin lambobin waya yake fara gwada zanensa. Ibrahim El-Salahi na Sudan kuwa, da aka tsare shi a kurkuku a 1975, a guntayen takardu ya riƙa zane a ɓoye, sai ga shi a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa.

Sai dai kada son abu ya hana ki tambaya. Na hannu ne ko bugawa aka yi? Idan kin ga lamba kamar 12/50 da fensir a ƙasa, kwafi na 12 ne cikin 50, bai kamata kuɗinsa ya kai na tilo ba. Ki nemi takardar shaida mai sunan mai zanen da shekarar aikin. Ki kuma ji da me aka yi shi, domin gawayi yana gogewa ko da ɗan taɓi.

Damuwata ita ce bayan kin kai shi gida. Takarda ba ta jure rana, ba ta jure danshi. Ɗaya ta mayar da ita ruwan ɗorawa, ɗaya ta jawo mata funfuna. Don haka ki lissafa kuɗin firam mai kyau tun yanzu, a sa kwali marar asid tsakani don kada gilashi ya taɓa zanen. Ki koma tare da maigidan ku sake kallonsa a tsanake. In har yana nan a ranki kuma aljihu zai ɗauka, ki saya.

Tambaya: Zan iya yi wa zanen da na saya laminetin don ya daɗe?

Amsa: Don Allah kada ka yi, ɗan'uwa. Zafi da gam za su kama takardar ta yadda ba za ta ɓanɓaru ba, darajar aikin kuma ta zube. Salatif ma haka, tabonsa ba ya fita.