Tambayi Likita: Masu Son Karatun Likitanci da Iyayensu

Duk lokacin da rajistar JAMB ta ƙarato, wasiƙun da ke zuwa wannan shafi sukan karkata ga abu guda, wato karatun likitanci. Mun zaɓi huɗu daga ciki, likitocin shafin kuma sun amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare. Shekara uku da suka wuce yayata ta rasu wajen haihuwa. Jini ne ya ɓalle mata, kafin a kawo ta Sakkwato daga ƙauyenmu rai ya yi halinsa. Tun ranar na ƙudurta sai na zama likita. Amma wani malaminmu ya ce tausayi kaɗai ba ya yin likita. Shin dalilina ya isa? Daga wata ɗaliba, Gwadabawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyarmu. Allah Ya jiƙan yayarki, Ya sa ta huta. Dalilinki mai kyau ne, malaminki kuma bai faɗi ƙarya ba.

Bari mu fara da abin da ya sami yayarki. Mafi yawan zubar jini bayan haihuwa yana faruwa ne idan mahaifa ta kasa tsukewa bayan fitar jariri da mabiyiya. Abin da ake yi sananne ne: allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, murza mahaifa ta saman ciki, duba ko guntun mabiyiya ya maƙale ko an samu yagewa, allurar tsayar da jini cikin awa uku na farko, ƙarin ruwa da ƙarin jini, in duk ya ƙi sai tiyata. Kowane mataki a nan ilimi ne da hannu ya saba da shi. Tausayi shi ke hana mutum barin gefen gadon da ƙarfe uku na dare, ilimi kuma shi ke nuna masa abin da zai yi a wurin. Ki kuma lura cewa rabin matakan nan ƙwararriyar ungozoma ce ke yin su. Don haka ki tambayi kanki tun yanzu: likita kike son zama, ko dai wadda za ta tsaya kan mai naƙuda? Duka biyun aiki ne mai daraja, amma hanyarsu daban.

Idan likitancin ne, ga tsawon tafiyar. Digirin likitanci, wato MBBS, shekara shida ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Daga nan sai kusan shekara biyu na sanin jikin mai lafiya: anatomi, wato ƙirar jiki, da ƙasusuwa 206 da duk wata tsoka da jijiya da ta ratsa su, fiziyoloji, wato yadda gaɓoɓi ke aiki, da bayokemistiri. A ƙarshensu akwai babbar jarrabawa, kuma a nan aka fi zubar da ɗalibai. Maki 50 cikin 100 ne cin jarrabawa a makarantar likitanci, wanda ya faɗi a ba shi damar sakewa, ya kuma faɗi ya maimaita aji, in abin ya ci gaba a sauya masa sashe. Bayan wannan sai ilimin cututtuka da na magunguna, sannan shiga ɗakunan marasa lafiya: yara, mata da haihuwa, lafiyar al'umma, cututtukan manya, da tiyata. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wannan ɓangare a asibitin koyarwa na UDUTH ake yin sa. An gama? Da saura. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, za ta ba ki rajistar wucin gadi, ki yi shekara ɗaya ta sanin makama, wata uku-uku a manyan sassa huɗu, sannan shekarar bautar ƙasa. Shekara takwas ke nan in ba yajin aiki, kuma kin san na malaman jami'a a 2022 ya ci wata takwas. In kina son ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, ki ƙara kamar shekara biyar zuwa shida. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ga yadda za ki auna kanki kafin ki shiga. Na farko, ki duba yadda kike da Kemistiri, ba Bayoloji ba. Kusan duk mai son likitanci yana son Bayoloji, Kemistiri ce ke tona asiri. Na biyu, ki gwada zama awa uku kullum kan littafi har wata guda ba tare da jarrabawa na gabanki ba. Na uku, da izinin iyayenki ki nemi shugaban asibitin da ke kusa da ku ya bar ki ki riƙa zuwa lokacin hutu, ko da kallo da miƙa kati ne. Ki ji warin gyambo, ki ga yaron da tamowa ta kumbura, ki ga yadda ake gaya wa uwa ɗanta ya cika. In kin koma gida da nauyin zuciya amma gari na wayewa kika ji kina son komawa, to dalilinki ya yi saiwa.

Abu ɗaya muke ja miki kunne a kai. Wanda ya shiga aikin nan saboda rashin da aka yi masa yakan ɗauki kowace mutuwa tamkar laifinsa. Za ki yi duk abin da ya kamata, wasu kuma su tafi, don an kawo su a makare ko don kwana ya ƙare. Ki koyi wannan tun da wuri, in ba haka ba aikin zai cinye ki.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne. Ɗana na fari yana da ƙoƙari, kullum shi ke zuwa na ɗaya. Burina ya zama likita, duk danginmu ba mu da ko ɗaya. Shi kuma ya kafe wai kwamfuta yake so. Ina da halin biya masa ko'ina. In matsa masa? Daga wani uba, unguwar Mabera.

AMSA: Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, Ya raya shi. Kada ka matsa masa. Burinka ba laifi ba ne. Malamai sun sanya likitanci cikin farillan kifaya, kuma a garin nan na Sakkwato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basir. Amma farillar kifaya a wuyan al'umma take, ba a wuyan ɗanka shi kaɗai ba.

Yaron da aka tura dole yakan wuce shekarar farko lafiya, saboda ci gaban karatun sakandare ne. A shekara ta biyu ake gane shi. Karatun ya fi ƙarfin kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai, sai da naci, shi kuwa naci ba ya zuwa wa abin da rai ba ya so. Sai ka ga ya fara ƙin shiga aji, a hana shi jarrabawa don bai cika adadin halarta ba, ya ɓoye wa gida, shekara uku ko huɗu su tafi a banza. Wanda ya daure ya gama kuma, marar lafiya ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Abin da ya fi shi ne ka haɗa shi da likita da kuma masanin kwamfuta, kowa ya zauna da shi ya gaya masa daɗin aikin da wuyarsa. Bayan nan ka bar shi ya zaɓa. Kuɗin da ka tanada kuwa, in akwai ɗiya ko ɗan ɗan'uwa da ke son karatun ba hali, ka ɗauki nauyinsa. Dangi sun samu likita ke nan.

TAMBAYA: Sau biyu ina rubuta JAMB ina neman likitanci, sau biyu ana ba ni wani fanni. Makina ya wuce wanda aka sanar a rediyo nesa ba kusa ba. Mene ne matsalar? Wani ya ce in tafi waje kawai. Daga wani matashi, Tambuwal.

AMSA: Ɗan'uwa, makin da kake ji a rediyo shi ne mafi ƙarancin da za a duba mutum da shi a kowane fanni. Likitanci gasa ce, domin MDCN ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Daga sama ake yankowa.

Ka binciki waɗannan. Darussan jarrabawar huɗu ne, Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, jimillar maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu. Wanda ya sa Lissafi a madadin Fiziks ya fitar da kansa tun kafin a zauna. A WAEC ko NECO ana son kiredit biyar, Turanci, Lissafi da kimiyyar nan uku, kuma makarantu da yawa suna so a zama ɗaya. Ana kuma duba ƙarfin sakamakon, don mai A da B yana gaban mai C6. Sannan dole sakamakon ya hau shafin CAPS na JAMB, inda ake bayar da guraben karatu. Ɗalibai da dama masu maki mai kyau sun rasa gurbi don ba su je cibiya an ɗora musu ba, ko sunan da ke kan NIN ya saɓa da na takardar sakandare. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko. Ɗan Sakkwato ko Kebbi ko Zamfara da ya sa jami'ar Sakkwato a zaɓin farko ya fi samun dama a kan wanda ya kai kansa Ibadan.

Ba mu goyon bayan zaman gida shekara uku ana jiran gurbi ɗaya. Ka karɓi fannin da aka ba ka in yana kusa da lafiya ko kimiyya, ka yi shi da gaske. Kana iya sake JAMB kana ciki, ko ka gama da sakamako mai ƙarfi ka nemi shiga aji biyu kai tsaye, kodayake guraben nan kaɗan ne. Kada ka dogara da maganar "shiga kawai, za a canza maka daga baya", ba kasafai take tabbata ba. Ka kuma dubi aikin jinya, haɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoton cikin jiki da idon basira, don likita ba ya motsi sai da su.

Maganar waje kuwa, duk wanda ya yi karatu a wata ƙasa sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya, kuma ana faɗuwa sosai. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda makarantarsu ba ta bar su sun taɓa marasa lafiya ba, ko harshen ƙasar ya hana su yin tambaya. Kafin a biya ko sisi, a tuntuɓi hukumar a tabbatar ta amince da makarantar, kada a tsaya ga bakin dillali. A kuma lissafa kuɗin shekara shida da canjin dala, a tuna yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibai gida karatu a tsakiya. In kuɗi ne damuwar a nan gida, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, da tallafin hukumar ba da sikolashif ta jiha.

TAMBAYA: An ba ɗiyata gurbin likitanci, amma abu biyu na damuna. An ce suna yanka gawa. Sannan an riga an yi mata baiko. Za a iya haɗa aure da wannan karatu? Daga wata uwa, Wurno.

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah Ya sanya albarka. Gaskiya ne, a aji biyu da uku ana koyon ƙirar jiki a kan gawar da aka adana da sinadarin fomalin. Yana da ƙarfin wari, yana sa ido hawaye, wasu kan ji jiri a makon farko, daga baya a saba. Ana sa farar riga da safar hannu, an hana ɗaukar hoto da wasa a ɗakin. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta yin haka don koyarwa a 1987, bisa sharaɗin a tsaya gwargwadon buƙata, a kiyaye mutuncin mamaci, a kuma binne abin da aka yi aiki da shi. Wanda bai ga inda jijiya ta bi da idonsa ba, bai kamata a miƙa masa wuƙa ya buɗe cikin mai rai ba.

Aure kuwa ana haɗawa, mata da yawa sun yi. Abin da ke kawo matsala shi ne rashin yin magana a fili tun kafin a shafa fatiha. Waliyyinta ya zauna da mijin ya gaya masa: daga aji huɗu za ta riƙa kwana asibiti, za a tura ta ƙauye na wasu makonni don darasin lafiyar al'umma, za ta duba maza da mata, kuma ranar jarrabawa ba a ɗaga ta don biki ko suna. In ya amince, a sa shaidu. In da hali kada a sa biki a shekarar babbar jarrabawar farko, a bari ta wuce. Idan haihuwa ta zo, a tanadi wadda za ta riƙe jariri, ita kuma ta sanar da shugaban sashe a rubuce da wuri, don neman ɗage zango ya fi faɗuwa jarrabawa sauƙin gyara.

Ki ƙarfafa mata gwiwa, Hajiya. Mace da yawa a ƙasar nan tana ɓoye ciwon mama ko yoyon fitsari har ya yi nisa don kunyar buɗe wa namiji. Ɗiyarki kuma tana da abin da littafi ba ya koyarwa: ta san idan tsohuwa ta ce "sanyi" ko "shawara" ko "basir", sunan ciwo goma ne a dunƙule, sai an bi ta a hankali an warware. Kafin ta fara shiga ɗakunan marasa lafiya, a tabbatar ta yi gwajin ciwon hanta nau'in B, ta kuma karɓi rigakafinsa allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.